Yadda Aka Tsayar da Ruwan Sama a Ɗakin Karatuna

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na bana, na yi wa ƙanin matata magana guda ɗaya, kuma daga ita ne sunana ya faɗa bakin mutane. Abin da na ce masa shi ne, "Rubutun da ke cikin burauzar kwamfutar nan ya yi mini ƙanana, ka ƙara masa girma." Ban ƙara ko harafi a kan haka ba. Matata tana wurin, tana iya ba da shaida idan son ɗan'uwa ya bar ta.

Ga wanda bai san ni ba, ni tsohon malamin lissafi ne. Na ƙare aikina ban taɓa ƙara wa ɗalibi rabin maki ba, har da ɗan cikina, wanda ya maimaita aji a hannuna. Saboda wannan ne makarantar unguwarmu ta nemi in shugabanci masu sa ido a jarrabawa, aka ce za a tabbatar da ni a taron iyaye na ƙarshen wata. Ba kujerar ce ta dame ni ba. Abin da kujerar ke faɗa game da mutum shi ne abin da na tara a rayuwata, ba ni da wani gini ko gona da ya wuce shi.

Shi kuwa ƙanin matata, a gida Auta ake ce masa, amma a waje ya raɗa wa kansa Injiniya, tun da ya halarci wani kwas na kwamfuta da bai jira ƙarshensa ba. Shekarunsa sun kai arba'in, sanƙo ya ci rabin kansa, amma yayarsa har yau "yaron nan" take cewa. Ya taɓa gyara mana fanka. Tana juyawa har yanzu, sai dai bango take yi wa iskar.

Da na yi masa maganar rubutu, sai ya ja kujera ya zauna, ya kalli kwamfutar, ya kalle ni cikin tausayi.

"Yaya, ka san abin da ke hannunka kuwa? Wannan burauzar buɗaɗɗiya ce. Waɗanda suka gina ta sun zube duk rubutun cikinta a fili, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so."

"Madalla. To ka ƙara girman rubutun."

"Wannan ai aikin yara ne. Ni daga tushe nake gyara. Zan kwance ta in sake gina maka sabuwa fil."

"Ba na son sabuwa."

"Haka kowa ke cewa kafin ya gani."

Washegari aka yi mini aikin ido. Likita ya ce in kwanta, kada in kalli allo, kada in sunkuya, kada in yi fushi. Biyun farko na kiyaye.

Ɗakin da na kwanta bango ɗaya ne da ɗakin karatuna, saboda haka abin da ban gani ba na ji shi. Kwamfutar ta fara gurnani kamar injin niƙa. Auta ya ce ginin ne ke tafiya. Ginin ya rushe, ya sake ɗorawa, ya sake rushewa. Duk lokacin da ya rushe sai in ji shi yana zagin wasu mutane da ban sani ba. Daga baya na gane su ne 'yan sa-kai da ke kula da burauzar, masu dandali inda ake kai musu tambaya su amsa kyauta. Ya buɗe rajista a wurinsu da sunana da hotona, domin a cewarsa akwatin saƙona ne ya tarar a buɗe, kuma "ɓata lokaci ne a buɗe wani."

'Yata ta karanta mini abin da aka rubuta da sunana bayan komai ya lalace, kuma ina so a san irin mutanen da aka zaga. Sun tambaye shi wace fitowa ta burauzar yake amfani da ita. Ya amsa, "Tawa ce, ba ku da ita." Suka roƙe shi ya turo hoton allon domin su ga saƙon kuskuren. Ya tura musu hotonsa tsaye kusa da kwamfutar yana murmushi, allon yana kallon bango. A bayansa, ta ƙofar da aka bari a buɗe, ga ni kwance da bandeji a ido, bakina a buɗe ina barci. Duk da haka wani bawan Allah ya zauna ya jera masa abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, har ginin ya tsaya. Godiyar da Auta ya yi masa ita ce, "Dama na sani, gwada ku nake yi."

Da burauzar ta tashi, ya cire tambarin masu ita ya liƙa hotona na ranar ritaya, ya sa mata suna Burauzar Malam. Ya ce girmamawa ce.

Da a nan ya tsaya, da na haƙura. Amma wata safiya sai ga shi ya faɗo ɗakina babu sallama.

"Yaya! Na kama intanet a hannu!"

Abin da ya faru shi ne, ya danna wani wuri ya buɗe kayan aikin da ke cikin burauzar, wanda masu gina shafuka ke amfani da shi su duba yadda shafi yake ta ciki. Ya gano cewa idan ya goge kalma a can ya rubuta wata, sai ta canja a kan allo. Ya shiga shafin wata jarida ya goge babban kanun labari ya rubuta "Injiniya Ya Iso." Ya kira yayarsa ta gani, ta yi guɗar murna har maƙwabta suka leƙo.

Na ce masa, "Auta, ban san kwamfuta ba, amma na san littafi. Idan na gyara shafi a kwafin da ke hannuna da jan biro, kwafin da ke hannun sauran mutane yana nan yadda yake."

"Littafi daban, intanet daban. Kai mutumin zamanin alli ne, Yaya. Tunda ni na gina burauzar da hannuna, abin da na rubuta a cikinta shi ne ya zauna."

"A ina ya zauna?"

"Ko'ina."

Wanda ya fara shiga tarkon shi ne mai wanki na ƙarshen layinmu. Ya karɓi zannuwan gado na wani masauki, tuli guda, za a karɓa washegari da yamma, ga shi shafin hasashen yanayi ya nuna ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya zo yana kuka da halinsa a ƙofar gida, Auta ya ja shi ciki. Ina ji ta bango.

"Ka ga wannan gajimaren? Duba da kyau. Na goge shi. Me kake so a wurin?"

"Rana, Injiniya, idan da hali."

"Mai zafi ko madaidaiciya?"

"Mai zafi dai, zannuwan masu kauri ne."

"An gama. Je ka shanya."

Mai wanki ya shanya komai, har da abin da ya riga ya bushe. Da hantsi sama ta haɗe, aka kwarara ruwa har kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa. Ya iso gidana jiƙe sharkaf, zani ɗaya a kafaɗa yana ɗiga a kan dardumar ɗakin karatu. Na yi hamdala a kwance, na ce yau ƙarya ta ƙare.

Ashe farawa ta yi. Auta ya duba allo, ya ga gajimaren ya dawo wurinsa, ya ƙwala wa yayarsa kira.

"Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

"Ƙura kawai na goge, Auta."

"Kin danna maɓallin sabunta shafi! Kin dawo da gajimaren! Mai wanki, ka gani da idonka? Na tsayar da ruwa, ta sake shi."

Mai wanki ya leƙa ya ga gajimare, ya leƙa taga ya ga ruwa, lissafi ya fita daidai a kansa. Ya juya ga matata cikin ladabi ya ce, "Haba, uwar ɗakina, ai da kin bari zuwa la'asar." Ita kuma, matar da na aura da hankalinta, ta ba shi haƙuri. Kafin yamma labari ya zaga unguwa cewa an tsayar da ruwa a gidan Malam, kuskuren mace ne ya sake shi.

Daga nan Auta ya gano abokin gabarsa: maɓallin sabunta shafi. Ya koma dandali, da sunana, ya shigar da ƙara cewa akwai babban lahani a burauzar, domin duk gyaran da ya yi wa duniya yana gogewa idan aka danna maɓallin. Suka amsa masa da haƙuri cewa ba lahani ba ne, kayan aikin kwafin da ke kan allonsa kaɗai yake taɓawa, shafin gaskiya yana can wurin masu shi, maɓallin kuwa sabon kwafi yake ɗaukowa. Ya rubuta musu cewa hassada ce, sun ɓoye wa talakawa wannan sirri shekara da shekaru, yanzu wani ya tono shi suna rawar jiki. Sannan ya tambaye su ta ina ake cire maɓallin gaba ɗaya. Wani ya gaya masa, ina jin don ya huta.

Ya cire shi. Ya kafa doka: ba a rufe shafi, ba a kashe kwamfuta. Ya sa wa ɗakin karatuna kwaɗo ya rataye makullin a wuya. Ya ɗora kwamfutar a kan bulo biyu domin iska ta shiga ta ƙasa, ya ɗauke fankar ɗakina, ta marar lafiya, ya juya wa kwamfutar bayan fankar domin iskar ta same ta.

Mai aski ya zo, ƙungiyar ƙwallonsa ta sha kashi a daren jiya. Auta ya juya sakamakon. Mai aski ya koma shago yana yi wa abokan hamayya ba'a da reza a hannu, suka nuna masa wayoyinsu, ya dawo da gudu.

"Injiniya, su a wurinsu har yanzu mu aka ci."

"Da wace burauza suke kallo?"

"Ta waya."

"To ka gani. Tsohuwar duniya suke kallo. Ka ƙyale su, za su iso."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na mai walda. 'Yarsa ta faɗi lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Kafin aikin idona, uban ya zo ya roƙe ni in koya mata ta sake zama, na ce da zarar an cire bandeji ta zo da littafinta. Yarinya ce mai ƙoƙari, abin da ya rage mata kaɗan ne. Auta ya tare uban a ƙofa ya ce me zai sa a wahalar da tsoho. Suka buɗe shafin sakamako, ya goge abin da ta samu, ya rubuta mafi girma. Har ya tambayi uban ko a taɓa sauran darussan tunda an riga an buɗe.

Mai walda ya zagayo ta tagar ɗakina.

"Malam, Allah ya saka da alheri! Ashe kana da hanya ka ɓoye mana duk shekarun nan!"

Na tashi zaune, abin da likita ya hana, na ce, "Ƙarya ce! Babu abin da ya canja! Ka kawo ta in koya mata!"

Ya rage murya. "Na gane, Malam. Wallahi babu mai ji a bakina."

Kafin azahar mutum goma sun ji. Washegari layi ya kai bakin titi, iyaye riƙe da lambobin jarrabawar 'ya'yansu. An liƙa takarda a ƙofar gidana: "Ana gyaran intanet a nan, ƙarƙashin kulawar Malam." Na lallaɓa da ido ɗaya na yage ta, aka liƙa wata a inda hannuna ba ya kaiwa. Na tsaya a tsakar gida na yi wa masu layi jawabi cewa yaudara ce, suka gyaɗa kai suna murmushi, wata ta ce wa ta kusa da ita, "Haka manya suke, ba sa amsawa a fili."

Na je ƙofar ɗakin karatu na buga.

"Auta, buɗe ka kashe kwamfutata."

"Yaya, ka san abin da kake faɗa? Shafi sama da hamsin ne a buɗe. Makomar yaran unguwar nan tana ciki. In na kashe, alhakinsu a wuyanka."

Na juya ga matata. Ta ce, "Malam, ka bar yaron nan, yau ne fa karo na farko da mutane ke gaishe shi."

Ranar taron iyaye aka cire mini bandeji. Na isa zauren makaranta da wuri, da niyyar wanke kaina kafin a tambaye ni. Zauren ya cika fiye da kowane taro da na sani. Shugabar makaranta, mace mai kamewa wadda muka yi aiki tare a da, ta buɗe taro, ta karanta tarihina a taƙaice, sannan ta cire tabarau.

"Malam, kafin mu ci gaba, akwai wata magana da ke yawo game da gidanka. Na san halinka, amma dole in tambaya a gaban kowa."

Na miƙe. Na buɗe baki ke nan sai ƙofar baya ta buɗe.

Auta ne, cikin kwat da ya yi masa yawa, ɗauke da kwamfutata a buɗe a kan faranti, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa cike da kwano. Mai wanki yana gefe yana yi mata fifita da kwali. Mai aski yana riƙe mata lema, a cikin ɗaki. Mai walda yana gaba yana cewa a ba da hanya.

"Ranki ya daɗe, ki bar Yaya ya huta," in ji Auta. "Mutum ne mai kunya, ba ya iya yabon kansa. Mun zo mu nuna abin da ya yi wa unguwar nan."

"Ban yi komai ba!" na ce.

"Kun ji ko? Haka yake."

Aka tafa. Kafin shugaba ta ce uffan ya jona kwamfutar da majigin zauren, sai ga fuskata a bango, girmanta ya kai ƙofa, a ƙasa an rubuta Burauzar Malam. Ya shiga nuna shafuka ɗaya bayan ɗaya. Ga rana inda aka ce ruwa. Ga ƙungiyar mai aski a kan gaba. Ga sakamakon 'yar mai walda, ga na wasu yara, kowa da maki mafi girma, har da wani da bai zauna jarrabawar darasin ba.

Shugaba ta ce, "Kana nufin an canja sakamakon jarrabawa a gidan mutumin da muke shirin ba wa amanar jarrabawa?"

"Ƙarƙashin kulawarsa," in ji Auta, yana dafa ƙirji. "Kuma ba ma buƙatar wannan taron. Bari ki gani."

Ya buɗe sabon shafi, na makarantar, ya ce zai rubuta sunana a kujerar yanzu-yanzu a huta da ƙuri'a. Shafin nan shi ne wanda ya cika ma'auni. Kwamfutar da ta yi kwanaki ba ta runtsa ba ta yi wani nishi, kibiyar allo ta daskare. Mai wanki ya ƙara ƙarfin fifita. Auta ya danna nan, ya danna can, ya hura mata iska da baki. Fuskata ta ɓace daga bango. Sai wani ɗan rubutu mai ladabi ya fito, irin na mutanen da ya zaga: an samu matsala, burauzar ta rufe, amma kada a damu, za ta dawo da duk shafukan da ke buɗe.

Ta kuwa cika alkawari. Ta ɗauko kowane shafi sabo daga wurin masu shi.

Gajimare ya dawo. Ƙungiyar mai aski ta sake shan kashi a gaban jama'a, wani daga baya ya ce, "Sau biyu ke nan!" Sannan sakamakon yara ya fara fitowa a bango, sunan kowane yaro da makinsa, na gaskiya, a gaban iyayen da wasu cikinsu suka riga suka yi shelar cewa ɗansu likita zai zama. Auta ya tsaya gaban majigin ya buɗe kwat domin ya tare hasken, sai makin wani yaro ya fito a kan sanƙonsa.

"Wani ya danna wani abu!" yake cewa. "Wa ya danna? Yaya, kai ne?"

"Ina nan tsaye, hannuna a aljihu."

Shafin ƙarshe da ya dawo shi ne na dandalin. Ga sunana a sama. Ga hoton Auta yana murmushi, ga ni a baya kwance da baki buɗe. A ƙasa ga amsar ƙarshe da suka ba shi kafin su rufe zancen. Shugaba ta mayar da tabarau ta karanta da ƙarfi, kamar yadda take karanta sanarwa: "Ya mai girma malami, mun yi maka bayani iyakar iyawarmu. Abin da kake canjawa a allonka kaɗai yake. Muna roƙon ka daina yi wa maƙwabtanka alkawari. Allah ya ba wanda ke kwance lafiya."

Zauren ya kacame. Mai walda ya tsallake benci ya riƙe hannun rigata.

"Malam, ka mayar mata da makinta!"

"Wanda ke bango shi ne nata."

"To wanda ka ba ta fa?"

Wani uba daga ɗaya gefen yana ihu cewa an kusa ba wa ɗan cuwa-cuwa jarrabawa. Rabin zauren suna zagina don na canja maki, rabi suna zagina don canjin bai zauna ba. A duk shekarun da na yi ina lissafi ban taɓa ganin mutum ya faɗi ta ɓangare biyu a tambaya ɗaya ba sai a kaina, kuma a kan laifin da ko aikata shi ba a yi ba.

Na waiga neman Auta. Ya ce wa mai aski zai je ya ɗauko caja. Cajar tana kan faranti.

Shugaba ta buga tebur ta ce an jingine maganar naɗina har sai sunana ya fita daga wannan zance a gaban mutanen da suka ji ya shiga. Ban ga laifinta ba. Da ni ne a kujerarta, abin da zan yi ke nan.

Auta ya ɓace mako guda. Yayarsa ta yi ta aika masa abinci inda ya ɓuya, tana ce mini ba ta san inda yake ba. Jiya da safe sai ga shi, da wata kwamfuta ta aro a hammata, fuska a sunkuye.

"Yaya, na yi nadama. Na wanke ka a idon duniya. Duba."

Ya buɗe mini shafin farko na babbar jarida. A sama, da manyan haruffa: "Injiniya Ya Nemi Gafarar Malam, Ya Ce Babu Hannunsa." Matata ta fara share hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Ka gani ko, Malam? Har a jarida."

Idona ya warke sarai. Kwamfutar ta aro ce, maɓallinta yana nan inda masu ita suka sa shi. Na miƙa yatsa na danna. Labarin ya koma na wata gada da ta karye.

Ya ce, "Ai da ba ka danna ba."

Saboda haka nake rubuta wannan, kuma na aika kwafi ga shugabar makaranta da kwamitin iyaye. Ba na neman a kore shi daga gidana, yayarsa ba za ta bari ba, ni ma na gaji. 'Yar mai walda ta fara zuwa darasi, za ta ci jarrabawarta da hannunta in Allah ya so. Abin da nake nema shi ne wannan. Ƙanin matata ya zo zauren makaranta a taron iyaye mai zuwa, ya tsaya a inda ya tsaya, ya karɓi lasifika, ya faɗa da bakinsa cewa bai taɓa canja komai ba sai allon da ke gabansa, cewa na hana shi tun daga farko, kuma ban taɓa maki ba, ban sa a taɓa ba. Ya nemi gafarar yaran da aka haska sakamakonsu a bango, kowanne da sunansa. Ya koma dandalin mutanen nan, da sunansa shi da hotonsa shi, ya ba su haƙuri, ya gaya musu cewa malamin da aka ari sunansa shi ne wanda ke kwance a hoton, ba shi ya rubuta musu ba.

Kuma ya zo hannu biyu babu komai. Ba na karɓar haƙuri a kan allo, ko a waya, ko a takardar da ya bugo. Ya faɗa a gaban jama'a, da murya mai kaiwa bencin ƙarshe, sannan shugaba ta sa ya maimaita, domin mu ji ko karo na biyu zai fito daidai da na farko.